Abin Sha Mai Hawa Uku: Nasiha ga Masu Tasowa

Ya ku 'ya'yana, maza da mata, ku da Allah Ya nufa kuka taso a zamanin da firji da injin markaɗe suka shiga ɗakunan girki, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin in yi muku magana a kan wani abu wanda mai gaggawa zai ce bai kai a ɓata masa tawada ba, alhali kuwa a cikinsa akwai ilmi, akwai amana, akwai kuma hukuncin shari'a. Idan bazara ta kankama, watau daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40, iska ta tsaya cik, ganyen darbejiya ya daina motsi, baƙon da ya taka ƙafa ya zo walimar saukar karatu ko suna ko ɗaurin aure ba ya marmarin tuwo ko nama kafin a jiƙa masa maƙogwaro. Yana kuwa daga cikin hikimar Ubangiji cewa a daidai wannan lokaci na tsanani ne mangwaro yake nuna har ya yi araha, kankana ta cika kasuwa, busasshen zoɓon da aka girbe tun kaka yana nan jibge a buhuna. Na ga yadda kuke sha'awar jera ruwan 'ya'yan itatuwa cikin tambulan, ja a ƙasa, rawaya a tsakiya, kore a sama, kowane launi ya tsaya a matsayinsa bai shiga ɗan'uwansa ba, kuma ban ga aibi ga wannan sha'awa ba, gama Suratu Faɗir ta lissafa saɓanin launin 'ya'yan itatuwa cikin ayoyin Mahalicci, kuma ƙawata abin da za a miƙa wa baƙo yana cikin girmama shi. Abin da nake so shi ne ku yi shi da sani.

Farkon abin da ya wajaba ku fahimta shi ne dalilin da ya sa wani ruwa yake zama a kan wani, domin wanda ya gane dalili ba ya bukatar a riƙa rubuta masa ƙa'idar kowane haɗi. Kowace mace da ta taɓa ɗora tukunya ta san manja yakan taso ya kwanta a saman miya komai motsawar da aka yi masa, saboda ya fi ruwa sauƙi. To, wannan ɗabi'ar ce take aiki a cikin tambulan, sai dai a nan sukari ne yake raba mai nauyi da mara nauyi. Lita ɗaya ta ruwa zalla nauyinta kilo 1 ne. Lita ɗaya ta ruwan lemon zaƙi takan ɗara haka kaɗan, kimanin kilo 1.04. Idan aka narkar da sukari cikin ruwa, nauyin wannan daidai da nauyin wancan, litar takan kai wajen kilo 1.2, ita kuwa zuma takan kai kilo 1.4. Saboda haka duk wanda ya fi zaƙi shi ne zai nutse, wanda ya fi tsarki daga sukari shi ne zai hau sama, kuma gwargwadon nisan da ke tsakanin nauyinsu, gwargwadon kaifin iyakar da ido zai gani. Kada ku zaci wannan ilmi baƙo ne ga magabatanmu na Musulunci. Abdurrahman al-Khazini, wanda ya zauna a birnin Marwa, ya wallafa littafinsa Mizanul Hikma wajen shekarar 1121 ta Miladiyya, a ciki ya auna nauyin zuma da madara da man riɗi da ruwan gishiri, har ya bambanta nauyin ruwan zafi da na sanyi, ya jera su bisa tartibi. Yarinyar da take ɗiga ruwan mangwaro a kan zoɓo, ko ta sani ko ba ta sani ba, da wannan mizani take aiki.

Hawan ƙasa, wanda shi ne harsashi, ba ni da wanda na fifita a kan zoɓo. Namu ne, manoman Jigawa da Kano da Katsina suke shuka shi a gefen gonakin gero, daga kasuwanni irin ta Maigatari ake lodinsa har ya ƙetare teku zuwa Meziko, mutanen Masar da Sudan da Senegal kuma suna shansa kamar yadda muke sha. Abin kunya ne a ce muna da irin wannan ja a gida, sa'an nan mu tafi neman kalar kwalba. Ku sami kofi ɗaya na busasshen zoɓo, baƙin nan mai duhu, ku tsince shi, ku ɗauraye shi da ruwan sanyi da hanzari har yashi ya fita, gama a fili ake shanya shi, kuma babu abin da yake zubar da mutuncin mai gida kamar baƙo ya ji ƙasa a haƙorinsa. Ku zuba masa ruwa kofi uku, da ɗanyar citta dakakkiya gwargwadon babban yatsa, da kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar, da ɓawon abarba idan an wanke shi sosai, ya tafasa kamar minti 15. Sai a tace da ƙyalle mai tsabta, a mayar da ruwan kan wuta tare da sukari kofi ɗaya, a rage wutar, a bar shi yana ɓararraka a hankali har ya tsotse ya koma kamar kofi ɗaya da rabi, wanda alamarsa ita ce idan aka tsoma cokali aka ɗaga, zai lulluɓe bayan cokalin kafin ya zube. Wannan adadi ya isa tambulan 12, kowanne babban cokali biyu.

A nan akwai abubuwa biyu da nake so ku riƙe. Na ɗaya, launin zoɓo yana tafiya ne da tsami: in an matsa masa lemon tsami sai ya ƙara haske ya yi jawur, in kuwa an jefa masa kanwa domin a kashe tsaminsa, kamar yadda wasu iyayenmu suke yi, sai ya dushe ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi mai duhu, wanda ba ya kyan gani a ƙarƙashin rawaya. Don haka a wannan aiki ku ajiye kanwa, sukarin da ke ciki ya isa ya rarrashi tsamin. Na biyu, kada ya kwana cikin tukunyar dalma, domin tsaminsa yana cin ƙarfe, ya ɓata ɗanɗano. Da zarar ya huce a juye shi cikin kwalba ko mazubi mai murfi a sa a sanyi.

Hawan tsakiya na mangwaro ne da lemon zaƙi, manyan mangwaro biyu ga lemo huɗu. Wanda yake Kano ya je kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa da sassafe, sa'ad da ake sauke lemon Binuwai da abarbar kudu, zai sami zaɓi. Amma ko ina mutum yake, ya zaɓa da hanci kafin ido. Mangwaron da ya nuna a kan uwarsa yana da ƙamshi a wajen hancinsa, yana kuma ɗan lotsawa in an danna. Wanda aka tilasta wa nuna da kabayid, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, za ka gan shi rawaya fes a waje, cikinsa kuwa da tauri da tsami, kyan ɗan maciji ke nan. Lemon a matse shi da hannu, kada a jefa shi cikin injin markaɗe da 'ya'yansa da farin ɓargonsa, gama daga nan ɗaci yake fitowa, kuma kada a matse tun da hantsi don walimar la'asar, domin ruwan lemo yakan ƙara ɗaci idan ya jima a ajiye. Mangwaron a markaɗa, in mai zare ne a tace da rariya, a haɗa da ruwan lemon, kada a ƙara sukari ko kaɗan.

Akwai wani kuskure da masu koyo suke yawan faɗawa a wannan gaɓa, shi ne su ɗauka kauri da nauyi abu ɗaya ne. Injin markaɗe yana cusa iska cikin mangwaro har ya yi kumfa, ya yi kauri a ido, alhali iskar ta sa ya yi sauƙi, sai ka zuba hawan sama ka ga ya ratsa shi ya wuce, mangwaron ya taso yana yawo gutsi-gutsi. Maganin wannan shi ne a bar markaɗen ya zauna cikin sanyi kamar rabin sa'a, a kwashe kumfar da ta taru a sama da ludayi, sa'an nan a gwada: a zuba kaɗan a ƙaramin kofi, a ɗiga masa cokali ɗaya na ruwan da ake nufin ya hau kansa. In ya kwanta a sama, madalla. In ya nutse, sai a sirka na saman da ruwa, ko a ɗan ƙara wa na ƙasan zuma. Gwajin minti ɗaya a ɗakin girki ya fi jin kunya a gaban jama'a.

Hawan sama ba ya son wahala: kokwamba ɗaya da ɓawonta, da ganyen na'a-na'a cikin tafin hannu, da lemon tsami ɗaya, da ruwa kofi uku, a markaɗa a tace, babu sukari. Shi ake yi daga ƙarshe, domin korensa yakan dushe in ya daɗe tare da tsami. Wanda bai sami na'a-na'a ba, ruwan kankana zalla ya wadatar, tun da ya fi na mangwaro sauƙi.

Sai zubawa, wadda ita ce wurin da halin mutum yake bayyana. A sami tambulan dogo mai ƙaramin baki, kuma dukan ruwan uku su kasance sun yi sanyi sosai, gama mai ɗumi yana narkar da ƙanƙara, narkewar kuma ta motsa abin da ya kwanta. A fara zuba zoɓon a tsakiyar gindin tambulan daidai, kada ya shafi gefe ya bar zane. A saukar da ƙanƙara da cokali, ɗaya bayan ɗaya, har ta kusa baki, domin ita ce take karya ƙarfin ruwan da zai biyo. Sa'an nan a kifa cokali, bakinsa yana taɓa jikin tambulan daga ciki, dab da saman zoɓon, a riƙa tsiyaya ruwan mangwaro a kan bayansa siriri. Ni kuwa ban ga abin da ya kai ƙaramar butar shayi dacewa da wannan aiki ba, saboda bakinta yana ba hannu iko a kan kowane ɗigo. Za ka ga rawayan yana gangarowa ta jikin gilashi, yana bin tsakanin ƙanƙara, ya isa kan jan ya shimfiɗu, a tsakaninsu kuma wani siririn zobe mai ruwan goro ya fito inda suka gaisa. Ruwan yana hawa, kana ɗaga cokalin tare da shi. In ya kai kashi biyu cikin uku sai a dakata kaɗan ya natsu, sa'an nan a bi da koren ta wannan hanya. Wanda ya ƙosa ya tuntsura butar, nan take zai ga launi uku sun zama ɗaya mai kama da ruwan kududdufi, kuma babu dabarar da za ta sake raba su. Sannu ba ta hana zuwa. A miƙa shi nan da nan tare da dogon cokali, domin jerin na ido ne, ba ya wuce 'yan mintoci. Mai sha sai ya motsa kafin ya kurɓa, in ba haka ba zai fara da salam ya ƙare da zaƙin da ya fi ƙarfinsa.

Ku kiyayi sa madara ko kunun aya a jikin zoɓo ko lemon tsami don neman farin hawa, domin tsami yana tsinka madara ta yi gudaji, ɗanyar abarba kuma in ta zauna da madara takan sa ta ɗaci, shi kuwa kunun aya ba ya jimirin zafi ko kaɗan.

Yanzu na zo ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, watau ruwa da ƙanƙara. Ku sani, 'ya'yana, daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tana dai kwantar da su ne, da zarar ƙanƙara ta narke sai su farka. Kuma amai da gudawa da zazzaɓin taifot ta hanyar gurɓataccen ruwa suke shiga gidaje. Babbar ƙanƙarar nan da ake saya a bakin titi, a ja ta a ƙasa, a lulluɓe ta da buhu, a fasa ta da guduma, wurinta shi ne cikin kula a kewaye kwalabe da ita, ba cikin abin da mutum zai haɗiya ba. Wadda za ta shiga tambulan, ku daskarar da ita da kanku daga ruwan da aka tafasa ko wanda kuka amince da tsabtarsa, in kuwa wutar lantarki ta ƙi, gara a sanyaya ruwan uku daga waje a zuba su ba ƙanƙara, ko da iyakar launin ba ta yi kaifi ba. A wanke 'ya'yan itacen kafin wuƙa ta taɓa su, a wanke hannu da sabulu, a rufe komai saboda ƙuda. Baƙo yana karɓar abin da ka miƙa masa ya sha bai tambaye ka daga wace rijiya ba, ya ba ka amanar cikinsa ke nan, kuma mutum 50 da suka sha daga hannunka, lafiyar gida 50 ce take wuyanka.

Haka nan sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, watau ƙananan cokula 12, kuma ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace a ciki. Tambulan ɗaya na wannan haɗi ya kai rabin haka ko ya ɗara. Saboda haka ku tanadi tsinkakken zoɓo mara sukari domin dattawa masu ciwon sukari, waɗanda sau da yawa kunya takan hana su ƙin abin da yaro ya durƙusa ya miƙa musu. Kuma jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a lasa masa abin da zuma ta shiga.

Akwai kuma hukuncin ajiya, wanda malamanmu ba su yi sakaci da shi ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim, daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi cikin ruwa, ya sha a ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan haka ba ya ajiye shi. An kuma hana jiƙa iri biyu tare, kamar dabino da zabibi, Imam Nawawi kuwa a sharhinsa ya bayyana cewa illar ita ce haɗin yana gaggauta bugarwa tun kafin ɗanɗano ya sauya, har mai sha ya zaci halal yake sha. To, ruwan mangwaro da abarba da aka bari cikin jarka a zafin Afrilu ba ya jiran kwana uku. Idan kuka ga kumfa tana tasowa da kanta, ko jarka ta kumbura, ko murfi ya yi tsaki da aka buɗe, ko wani tsami-tsami ya bugi hanci, ku tuna ruwa ba ya tsami banza, ku zubar, kada tsoron asara ya sa ku ƙara masa sukari ku rufe aibinsa. Ku ajiye kowane ruwa a mazubinsa cikin sanyi, kada su haɗu sai a sa'ar da za a sha.

Wata magana kuma, wadda na san ba za ta yi wa wasunku daɗi ba, amma nasiha ba ta cika sai da ita. Wannan salo na jera launi a tambulan ya yi suna ne a mashayar Turawa, kuma ina ganin wasu matasa, bayan sun tsarkake abin shansu daga barasa, sai su ɗauko sauran al'adun mashaya su yafa: su sa wa haɗin sunan wata giya, su nemi kofunan da aka san masu maye da su, su riƙa karo da kofi suna shewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya tattauna irin wannan a Ihya'u Ulumiddin, inda ya nuna cewa jama'a in suka shirya majalisi irin na mashaya, suka naɗa mai zagayawa da kofi, suka riƙa gaisawa da kalmomin masu maye, to an hana su, ko da abin da ke cikin kofin ruwan zuma da khal ne wanda yake halal a zatinsa, saboda kamanceceniya da mutanen ɓarna. Ilmin nauyin ruwa ba mallakar kowa ba ne, ku ɗauka ku yi amfani da shi. Amma zaman ya zama namu, da bisimilla a farko da hamdala a ƙarshe, a sha da dama, a zaune, kada a yi numfashi cikin kofi, abin shan kuma a kira shi da sunan abin da ke cikinsa.

Wajen rabawa, sunna ita ce a fara da dama a bi da dama, mai shayarwa kuma shi ne na ƙarshen sha. Ku auna ƙarfinku tun kafin ranar: mutum ɗaya da butar shayi ba zai iya jera wa taron ɗaurin aure ba, don haka in jama'a ta yi yawa a tsaya ga hawa biyu, ko a yi zoɓo mai kyau guda ɗaya wanda zai ishi kowa. Abin da ba na so in gani shi ne a jera wa masu manyan riguna tambulan mai hawa uku a cikin rumfa, almajirai da direbobi da matan da suka wuni a bakin murhu kuwa a bar su da ruwan ɗumi a rana, alhali hadisi ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, ya kuma yi umarni a ɗanɗana wa wanda ya sha zafin girki da hayaƙinsa. A cire rabon masu aiki tun kafin a fitar da tire na farko.

Abin da ya saura bayan an watse, zoɓon mai sukari zai iya yin 'yan kwanaki cikin firji in an rufe shi da kyau, a riƙa sirka shi da ruwa ana sha. Na mangwaro da na kokwamba kuwa ba sa kwana. A zuba su cikin kwano mai murfi a aika wa maƙwabta tun kafin magariba, yaron da aka aika kuma a gaya masa ya ce a sha yanzu.